Idan namiji ya kamu da son namijin da suka taɓa yin gaba

Wataƙila kun daɗe ba kwa ga maciji da wani, tun a makarantar kwana ko a wurin aiki, sai ka wayi gari zuciyarka ta karkata gare shi. Wannan yanayi kan jawo ruɗani, kunya da rashin barci.

Shin cuta ce?

A 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire sha'awar jinsi ɗaya daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa, kuma babu wani magani da aka tabbatar yana sauya ta. Abin da likita zai duba shi ne damuwar da kake ciki, da irin rikicin da ya shiga tsakaninku.

Yadda gaba ke rikiɗewa

Fushi, tsoro da sha'awa duk suna sa jiki ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, tafin hannu ya yi gumi. Ƙwaƙwalwa kan ɗauki wannan a matsayin so. Amma idan ya taɓa dukanka ko wulaƙanta ka, akwai wani abin dubawa. A 1981 masana halayyar ɗan Adam, Donald Dutton da Susan Painter, sun bayyana shaƙuwar da kan ƙullu tsakanin mai cutarwa da wanda ake cutarwa. Abu biyu ke haifar da ita: ɗaya ya fi ƙarfin ɗaya, sannan yau zuma gobe maɗaci.

Alamun wannan shaƙuwa

• Kana tsoronsa, amma ka kasa rabuwa da shi.
• Kana nema masa uzuri kan abin da ya yi maka.
• Yana raba ka da 'yan uwa da abokai.
• Yana yi maka barazanar tona asiri ko yana karɓar kuɗinka.

Kare kanka

Dokar tarayya ta 2014 ta haramta aure da nuna soyayya a bainar jama'a tsakanin jinsi ɗaya a Najeriya, jihohin da ke bin shari'ar Musulunci kuma suna da nasu hukuncin. Mai tsohuwar ƙullaliya na iya mayar da sirrinka makami. Kada ka tura masa hoto ko saƙon da zai riƙe ka da shi.

Yaushe za ka ga likita?

Je asibiti idan baƙin ciki, rashin barci ko rashin cin abinci ya kai mako 2. Idan tunanin kashe kanka ya zo maka, tafi a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware da Maiduguri. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikatan lafiya riƙe sirrin majiyyaci.

Ga iyali: duka, gori da kora suna ƙara haɗarin mutum ya cutar da kansa. Ku saurare shi, ku raka shi asibiti.