Ƙagaggen Labarin Kirista a Ƙasar Hausa

Ƙagaggen labarin Kirista shi ne labarin da aka ƙirƙira, ba tarihi ba, ba kuma wa'azi kai tsaye ba, wanda aƙidar Kirista take riƙe da ƙashin bayansa. Masu nazarin adabi ba su haɗu a kan ma'auni ɗaya ba. Wasu addinin marubuci suke dubawa. Wasu suna tambaya ko an ambaci Almasihu, ko an kira mai karatu zuwa gare shi. Wasu kuma ginin labarin suke bi: zunubi, tuba, sannan gafarar da mutum bai cancanta ba, wadda Kiristoci Hausawa ke kira alheri. Littafin John Bunyan na 1678, The Pilgrim's Progress, ya cika ukun duka. The Lord of the Rings na Tolkien bai ambaci Almasihu ko sau ɗaya ba, amma marubucin da kansa ya ɗauke shi aikin ɗan Katolika. A Hausa, duk wannan muhawara littafi ɗaya take komawa kansa, wato Jiki Magayi.

Tun kafin wannan littafi 'yan mishan sun daɗe suna rubuta Hausa da boko, sai dai ba ƙaga labari suke yi ba. J. F. Schön ya fassara sassan Linjila, kuma a 1885 ya fitar da Magana Hausa, mai ɗauke da tatsuniyoyi da labarin rayuwar Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka bautar, aka 'yanta, ya bi Bature matafiyi Barth zuwa Ingila a 1855. Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya shigo Arewa a 1900, ya zauna cikin birnin Zazzau, ya buɗe makaranta, daga baya mishan ta koma Wusasa a 1929. Cikin waɗanda suka rungumi Kiristanci a hannunsa akwai zuriyar Isawa, mabiyan Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19. Ƙarfin wannan al'umma a kan fassara ya ƙare, har Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932. Waƙoƙin sujada, katikisim, littattafan koyon karatu: nan alƙalamin ya tsaya.

Ƙagaggen labari ta ƙofar gwamnati ya shigo. A 1933 Rupert East na Hukumar Talifi a Zariya ya nemi malamai su rubuta labarai na ƙirƙira. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na wansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi na John Tafida tare da East ɗin kansa. Tafida Kirista ne na Wusasa, shi kaɗai cikin 'yan Arewa biyar ɗin.

To, me ya rubuta? Abubakar yana son Zainab, ita ma tana sonsa. Malam Shaihu, attajiri marar ɗa, ya sa dukiya ya aure ta. Abubakar bai haƙura ba. Ya bar gari ya kutsa daji neman asirin da zai rama da shi, kuma asirin a kan ɗan da za a haifa ya sauka. Yaron, Kyauta, ya tashi ɓarawo, ya gagari iyaye, ya shiga duniya, har wata rana ya kashe mahaifinsa bai san shi ba ne. Dajin da marubutan ke nufi shi ne wurin da mutum ke barin shari'ar gari a baya. Amma mutanen labarin Musulmi ne, auren na Musulunci, sunan yaro an raɗa shi yadda Hausawa ke raɗawa. Ba coci, ba fasto, ba wanda ya tuba zuwa Kiristanci.

Idan addinin marubuci ne ma'auni, Jiki Magayi shi ne ƙagaggen labarin Kirista na farko da ya shahara a Hausa. Idan ginin labari ne, da wuya. Abin da ke tuƙa shi alhaki ne: attajiri ya ci zalin talaka, talaka ya rama da abin da ya fi zaluncin muni, yaron da bai ji ba bai gani ba ya ɗauki nauyin su biyun. Wannan darasi Musulmi ya yarda da shi, Kirista ya yarda, Bamaguje ma ya san shi tun kaka da kakanni. Abin da ya keɓanta da Kiristanci, cewa wani marar laifi ya ɗauki hukuncin mai laifi da son ransa domin ya fanshe shi, babu shi a ciki. Kyauta ya ɗauki laifin wasu, gaskiya ne, amma dole aka yi masa, kuma bai ceci kowa ba. Ra'ayi mafi ƙarfi dai shi ne littafin na Bahaushe ne da Kirista ya rubuta, kuma shi ya sa aka yi shekaru ana karanta shi a makarantun Kano da Sakkwato ba wanda ya ɗaga gira.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Hukumar Talifi ta gwamnati ce, littattafanta na makarantun da akasarin ɗalibansu Musulmi ne, Turawan mulki kuwa suna kaffa-kaffa da duk abin da zai yi kama da yaɗa Kiristanci a ƙasar sarakuna. A ƙasar Yarbawa lamarin ya sha bamban. D. O. Fagunwa, malamin makarantar mishan, ya fitar da Ogboju Ode a 1938. Shi ma daji ne, da mafarauci da aljanu, amma wa'azin Kirista a fili yake, domin masu karatunsa 'yan makarantar coci ne. Haka Thomas Mofolo na Lesotho, wanda maɗaba'ar mishan ta Morija ta buga labarinsa na farko a 1907.

Bayan Tafida, layin bai yi kauri ba. Yaran Wusasa da Turanci suka yi zurfi, suka zama likitoci da ma'aikata da sojoji, irin su Dakta R. A. B. Dikko da Yakubu Gowon. Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga shekarun 1980, marubutansa da masu sayensa galibi Musulmi ne. Ƙirƙirar Kiristoci masu jin Hausa, a Kudancin Kaduna da Filato da ƙauyukan Katsina da Kano, ta fi zama a baki: wasan kwaikwayon matasa a lokacin Kirsimeti, misalan da mai wa'azi ke sakawa cikin huɗuba, da waƙoƙin zumuntar mata, waɗanda yawancinsu ba a taɓa buga su a takarda ba.