Ciwon Ƙafa Biyu da Aka Daɗe Ana Yi wa Kuɗin Goro

Yau tarihi za mu taɓa, amma tarihin da ya shafi ƙafar da kike takawa.

A wurinmu idan ƙafa ta dami mace, sunan ciwon ɗaya ne: sanyi. Wadda ƙugunta ya riƙe sanyi ne, wadda tafin ƙafarta ke zafi kamar ta taka garwashi ita ma sanyi ne, in abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a ce an yi mata jifa ko ta tsallaka wani abu. To ba mu kaɗai muka yi wannan kuɗin goro ba. Likitocin duniya ma sun shafe ɗaruruwan shekaru kafin su rabe tsakanin ciwo biyu da ke zama a ƙafa: wanda ke saukowa daga ƙashin baya, da wanda ciwon suga ke haifarwa. Rabewar kuwa tana da amfani, domin abin da za a yi wa ɗaya a zauna lafiya, in aka yi wa ɗayan yana iya kai mace ga rasa ƙafa.

Bari mu fara da na farkon, don shi ya riga samun suna. Turawa suna ce masa sayatika, daga wata kalmar Girkanci mai nufin kwankwaso. Larabawa kuma suna kiransa irƙun nasa. Wadda ke sauraren tafsiri da azumi wataƙila ta taɓa jin sunan, domin a bayanin aya ta 93 ta Suratu Ali Imrana, malaman tafsiri sun kawo cewa Annabi Yaƙubu, alaihis salam, ya yi fama da wannan ciwo. Mutane da yawa, har a ƙasashen Larabawa, suna karanta shi irƙun nisa, wato wai jijiyar mata, su ɗauka ciwon mata ne. Kuskure ne. Nasa sunan jijiyar ne, kuma ciwon bai bar maza ba, tambayi duk mai ɗaukar buhu a kasuwa.

Ita wannan jijiya ta fi kowace kauri da tsawo a jikin ɗan Adam, a wani wurin kaurinta ya kai babban yatsan hannu. Tana fitowa daga ƙasan ƙashin baya, ta ratsa mazaunai, ta bi bayan cinya, ta rarrabu ta sauka har yatsun ƙafa. Sai dai Hausa tana da wata 'yar matsala a nan, mu komai jijiya ne, da mai ɗaukar jini da mai ɗaukar saƙon ji zuwa ƙwaƙwalwa. Larabci ma haka, irƙu ya fi nufin hanyar jini. Shi ya sa maganin mutanen da ya karkata ga fitar da jini da ƙona wurin. Babban likitan Andalus, Az-Zahrawi, wanda ya rasu wajen 1013, ya yi bayanin wuraren da ake ɗora ƙarfe mai zafi a kan kwankwaso saboda wannan ciwo. Ƙaho da tsaga da sakiya da wanzamanmu ke yi, kin ga ashe suna da 'yan'uwa a nesa.

A 1764 wani likita a birnin Nafoli na ƙasar Italiya, mai suna Domenico Cotugno, ya rubuta ɗan littafi ya ce ciwon kwankwaso iri biyu ne. Akwai wanda ke zaune a gaɓar kanta ba ya tafiya ko'ina, akwai kuma wanda ke bin hanyar jijiya ya gangara ƙafa. Wannan ne rabo na farko. Abin da bai gano ba shi ne me ke taɓa jijiyar, ya ɗauka ruwa ne ke taruwa a cikin rigarta.

Shi kuwa ciwon suga, ta fitsari aka san shi, ba ta ƙafa ba. Masu maganin Indiya na zamanin da sun lura kiyashi na taruwa a fitsarin wasu marasa lafiya, suka sa masa suna fitsarin zuma. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ambaci zaƙin abin da ke saura in fitsarin ya bushe, ya kuma ambaci ruɓewar gaɓa a cikin masu ciwon. A 1776 Matthew Dobson a Ingila ya dafa fitsarin wani majinyaci har ya ƙafe, ya sami abu kamar sukari a gindin tukunya. Duk wannan zamani masu ciwon suna kukan ƙafa, ba a dai haɗa kukan da sugan ba. Wasu likitocin ma sun juya lissafin, suna ganin lalacewar jijiya ce ke kawo ciwon suga.

Shekarar 1864 ita ce ta fi burge ni a wannan labari, domin a birni guda, Faris, aka kama bakin zaren ta gefe biyu. Wani likita, Marchal de Calvi, ya rubuta cewa an sa keken a gaban doki ne a tunanin mutane, suga ne ke lalata jijiya, ba jijiya ke kawo suga ba. A shekarar kuma Charles Lasègue ya fitar da nazarinsa a kan sayatika. Daga baya, a 1881, wani ɗalibinsa mai suna Forst ya bayyana gwajin da har gobe ake yi da sunan malamin: a kwantar da mutum rigingine, a ɗaga ƙafarsa a miƙe ba a lanƙwasa gwiwa ba. In jijiyar a matse take, kafin ƙafar ta yi nisa zafi zai tsarga daga mazaunai zuwa ƙasa da gwiwa. Mai ciwon ƙafa na suga kuwa, a ɗaga a sauke, zafinta yana nan yadda yake, bai ƙaru ba bai ragu ba. Ba allura, ba na'ura, hannu ne kawai da lura.

A 1885 Frederick Pavy na asibitin Guy's da ke Landan ya tsara koke-koken masu suga da yake dubawa, kuma in kika ji su kamar a tsakar gidanmu aka ɗauko: ƙafa ta yi nauyi, tafin ƙafa ya dushe ba a jin ƙasa sosai, zafi mai suka kamar walƙiya, kuma ya fi tsanani da dare in an kwanta. Daga wannan zamani likitoci suka riƙa koya wa ɗalibansu cewa in ciwon ya kama ƙafa biyu lokaci guda, a gwada fitsari tukuna kafin a ce sayatika ne.

Saura sanin abin da ke matse jijiyar. Tsakanin kowane ƙashin baya da ɗan'uwansa akwai wani faifan guringuntsi mai taushi a ciki, aikinsa kamar na gammo tsakanin kai da tulu. Likitocin fiɗa sun sha buɗe baya su tarar da wani farin abu ya danne jijiya, su cire, su rubuta cewa ƙari ne. Sai a 1934 wasu likitoci biyu a Bostan ta Amurka, William Mixter da Joseph Barr, suka nuna cewa ba ƙari ba ne, cikin gammon ne ya fashe ya bullo. Nan aka fahimci dalilin da ya sa ciwon kan taso bayan an sunkuya an ɗaga abu mai nauyi, da dalilin da ya sa tari ko atishawa ko yunƙurin bayan gida ke tsananta shi. Mu da muke jan guga, mu yi surfe, mu yi shara da guntuwar tsintsiya a duƙe da goyo a baya, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Ta ɓangaren suga kuma, an samo insulin a Toronto ta Kanada a 1921, aka fara yi wa mutum allurarsa a Janairun 1922. Masu ciwon suka daina mutuwa da wuri, sai tsawon ran ya fito da abin da ciwon ke yi a hankali. Wani likita a Beljiyam, Jean Pirart, ya bi majinyata 4,400 daga 1947 zuwa 1973. Ya ga cewa bayan shekara 25 da ciwon, kusan rabinsu jijiyoyinsu sun taɓu, wasu kuma tun ranar da aka gano musu sugan an tarar ɓarnar ta riga ta fara. Ki riƙe wannan na ƙarshen, 'yar'uwa: ƙafa tana iya zama mai fara kawo labarin suga ga wadda ba ta taɓa sanin tana da shi ba. A 1993 kuma wani babban bincike a Amurka da Kanada a kan mutum 1,441 masu nau'in sugan da ke buƙatar insulin tun ƙuruciya ya nuna cewa riƙe suga kusa da daidai ya rage aukuwar lalacewar jijiya da wajen kashi 60 cikin 100.

Me ya sa daga yatsu take farawa? Suga mai yawa yana cutar da zaren jijiyar da ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da ita, kuma mafi tsawon zare shi ke fara gazawa daga can ƙarshensa. Don haka abin kan fara a yatsun ƙafa biyu, minjirya, zafi kamar barkono, ko jin kamar kina taka auduga, ya riƙa hawa a hankali cikin watanni da shekaru kamar ana sa miki safa. In ya kai wajen gwiwa sai yatsun hannu su fara. Sayatika daga sama take saukowa a ƙafa ɗaya, ta bi layi guda ta baya, mace tana iya nuna miki hanyarta da yatsa, kuma sau da yawa tana iya faɗa miki ranar da ta fara. Mafi yawan masu ita suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da fiɗa ba, kuma ɗan motsi da tafiya a tsakar gida sun fi kwanciya wuni guda amfani.

Darasin da ya fi ceton ƙafafu kuwa daga wajen kutare ya zo. Paul Brand likitan fiɗa ne ɗan Ingila da ya yi aiki a Vellore ta Indiya. Ya nuna cewa kuturta ba cinye yatsu take yi da kanta ba, ji take kashewa, sai mutum ya ƙone ko ya yanke bai sani ba, ya ci gaba da taka miki har ya ruɓe. Da ya koma Carville a Amurka a 1966, sai aka ga ai labarin ƙafar mai suga ke nan. Wani siririn zaren roba da ake dangwala wa tafin ƙafa ana tambayarki ko kin ji, wanda ke danna nauyin giram 10, a aikin kuturta ya yi suna kafin a kawo shi ɗakin masu suga.

A nan ne nake da magana da iyayenmu masu son jinyar gida, da girmamawa. Ƙafar da ta rasa ji ba a gasa ta da ruwan zafi, ba a kara ta a kaskon wuta da hunturu, ba a tsaga ta, ba a kafa mata ƙaho. Mai sayatika in an gasa mata ƙugu da tsumma mai ɗumi, in ya yi zafi za ta ce wayyo ta janye. Mai suga ba za ta ce komai ba, sai da safe a ga bororo, bororo ya zama gyambo. Haka nan haɗin ƙwayoyin da ake aiken yaro kemis ya karɓo a ƙulle a leda. Irin su diclofenac ba sa yi wa zafin jijiyar suga wani abin kirki, kuma suna wahalar da ƙodar da dama sugan ke nema. In kuma akwai prednisolone ko dexamethasone a ciki, wanda wasu ke sha don ƙiba, sugan ne zai ƙara hawa.

Kada kuma hoto ya ruɗe ki. A 1994 an ɗauki hoton bayan mutum 98 da ba abin da ke damunsu da na'urar MRI, aka tarar fiye da rabinsu gammon ya ɗan bullo a wani wuri. Saboda haka mace mai shekara hamsin da tafin ƙafarta biyu ke ƙuna da dare, ana iya nuna mata hoto a ce ga matsalar a bayanki, alhali ba a taɓa ɗiga jininta a na'urar suga ba. Gwajin da safe ake yi kafin a karya, in ya kai 126, ko 7 a ɗaya ma'aunin, sai a maimaita a tabbatar. Mutum ɗaya kuma yana iya haɗa ciwon biyu. Akwai ma wani nau'in na suga da ba shi da yawa, wanda Ludwig Bruns ya bayyana a 1890, mai kama cinya ɗaya ta gaba da zafi mai tsanani da rama, gwiwa ta riƙa sagewa. Wannan sai likita.

Abu biyu ne ba a jira maigida ya dawo daga tafiya a kansu, a kira shi a waya ko a nemi wanda zai raka ki asibiti a ranar. Mai ciwon baya da fitsari ya ƙi fita ko yake zuba ba ta sani ba, ko ta ji tsakanin cinyoyinta da mazaunanta sun mutu, ko ƙafar ta fara ja a ƙasa. Da kuma mai suga da ta ga miki a ƙafa, ko yatsa ya canja launi, ko da ba ya mata zafi ko kaɗan. In kin je, ki faɗa wa likita ƙafa ɗaya ce ko biyu, daga sama ya sauko ko daga yatsu ya hau, tari na tayar da shi ko dare. Mai suga kuma kullum bayan sallar isha'i ta duba tafin ƙafarta da tsakanin yatsu da fitila, in ido ko ƙugu ba su bari ba ta sa madubi ko ta kira jika ya duba mata. Ta zazzage takalmi kafin ta sa, ta daina yawo a tsakar gida ba takalmi, ruwan wanka kuma ta gwada shi da gwiwar hannu kafin ƙafa ta shiga.