Baƙon Karofi: Daga Mai Saye Zuwa Mai Kallo

A garuruwan Turai da yawa akan ware wasu kwanaki a shekara da masu zane da masu sassaƙa da magina tukwane ke buɗe ɗakunan aikinsu, a buga taswira, jama'a su bi gida-gida suna kallo. Can abin biki ne, domin an daɗe da raba aiki da mai shi: ana yi a ɗaki a rufe, a kai zauren baje koli a rataye. Birnin Kano bai taɓa bukatar irin wannan taswira ba, sunayen unguwanninsa sun wadatar. Dukawa, Soron Ɗinki, Majema, kowace ta faɗi abin da ake yi a cikinta, kuma maƙera da mabuga da zauren baduku duk a bakin hanya suke. Sai dai akwai kuskuren da ake yawan yi in an zo maganar farfaɗo da waɗannan wurare. Ana ɗauka ziyara ce ta raya su, alhali ciniki ne. Baƙon da ya tsaya a bakin karofi a zamanin da, da kuɗi a hannu ya tsaya.

Allon da ke ƙofar karofin Ƙofar Mata ya ce an kafa shi a 1498, wato a ƙarshen sarautar Muhammadu Rumfa, wanda ake danganta kafa Kasuwar Kurmi da shi. Ko mutum ya yi jayayya da shekarar, haɗuwar marina da kasuwa a zamani guda ba banza ba ce. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne nisan da tufafin birnin ke kaiwa: Murzuk da Ghat da Tarabulus ta arewa, Tumbuktu ta yamma. Masu ɗaukar wannan kaya fatake ne da Buzaye da Larabawan Ghadames, waɗanda ke sauka gidan fatoma, dillali ya kai su ga mai aiki. Irin wannan baƙo ya san abin da ya zo nema. Zai murza turkuɗi ya ga yadda shuni ke kama yatsa, ya duba ƙyallin bugu, ya gane ko an tsoma zanen sau isasshe ko an yi masa sha-ka-tafi. In rini bai yi ba, baɗi sai ya nufi wani karofin. Tsoron idon mai saye shi ya tilasta wa marini ya zuba baba da toka da katsi daidai, ya jira kwanakin da ruwan ke bukata kafin ya nuna, ya kuma koya wa ɗansa haka. Da wannan ciniki ne ramukan rini suka kai dubbai a ƙasar Kano cikin ƙarni na 19, ba a birni kaɗai ba, har a garuruwa irin su Kura.

Rushewar ma ta ƙofar kasuwa ta shigo. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kawo yadin Ingila da araha, ya karkatar da jari zuwa gyaɗa, ayarin raƙuma kuma ya ja baya. Daga bisani masaƙun zamani na Kaduna da Kano suka zo, su ma yadin Sin da ya cika Kantin Kwari ya durƙusar da su. A duk wannan tsawon lokaci ba a daina zuwa Ƙofar Mata ba. Sunanta ma ƙara fita ya yi, har ta zama wurin da ake kai jakadu da 'yan makaranta, a haɗa da Gidan Makama da Dutsen Dala. Masu ziyara sun ƙaru, ramukan da ke aiki sun ragu, da yawa sun cike da ƙasa da shara.

Za a ce ai mai kallo ma yana saye, kuma da babu shi da karofin ya mutu murus. Akwai gaskiya a nan, ba kuma daidai ba ne a raina kuɗin da ya riƙe wasu gidaje. Amma a duba me yake saye: ɗan ƙyalle mai ɗaurin ado da zai shiga jaka, sau ɗaya, ba zai dawo ya ce ya koɗe ba. Mai irin wannan ciniki ba ya iya hukunta aiki, don haka ba ya gyara shi, kuma zuwansa ya dogara da zaman lafiya. Bayan hare-haren da aka kai Kano a watan Janairun 2012 baƙin waje sun ɗauke ƙafa, mai rini kuwa ba shi da wata kasuwa da zai koma. Za a kuma kawo misalin Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar tukwane ta Michael Cardew a Abuja ta da, wato Suleja, a 1954, aka nuna aikinta a Landan, yau hotonta ke bayan takardar naira 20. Zauren baje koli ya ɗaukaka ta, babu musu. Sai dai tun kafin Cardew ya gan ta gwana ce, a tukwanen da matan Gwari ke yi don a zuba ruwa, har Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana tara su. Baje koli ya tsinci gwaninta da amfanin yau da kullum ya riga ya haifa, ya ɗaga mutum ɗaya, bai kuma hana robobi da tukwanen dalma korar sauran magina daga kasuwa ba.

Akwai wani gibi da yawon kallo ba ya cikewa ko a zamanin da ciniki ke ci. Zaren da masaƙi ya saƙa, marini ya rina, mata ne suka kaɗa shi a cikin gida da mazari, inda baƙo namiji ba ya wuce zaure. Haka ɗinkin hula yake a gidaje da dama har yau. Duk wanda ya zagaya birni ya ce ya ga sana'ar tufafi, rabin da ke waje ya gani.

Wanda ke son shaida ta ƙarshe sai ya fita daga birnin ya nufi Kura, a hanyar Zariya. Ba a cika kai manyan baƙi can ba, sunanta ba ya cikin jerin wuraren da aka saba nunawa. Amma a can ne rinin turkuɗi da bugunsa suka fi daɗewa a raye, saboda Buzayen Nijar da maƙwabtansu ba su daina bukatar rawani da lulluɓin 'yan Kura ba, kuma har yanzu suna bambance mai kyau da na jabu kafin su biya.