Lu'ulu'u: Daga Teku Zuwa Ƙarƙashin Ƙasa

Daga Larabci muka aro kalmar lu'ulu'u, amma abin da Balarabe ke kira lu'lu' ba a haƙo shi. Farin ƙwallo ne mai sheƙi da ke samuwa cikin kawar teku, shi ne wanda Suratur Rahman ta ambata tare da murjani. Dutsen da ake haƙowa a Botswana da Saliyo kuwa, almas Larabawa suke ce masa.

Bahaushe, da yake ya yi nisa da teku, sai ya haɗa su a suna ɗaya. Alhali sinadarin dutsen nan ɗaya ne da na gawayi, zafi da matsi ne suka ƙanƙare shi har yake yanka gilashi. 'Yan kasuwa kan ce daimon don gudun ruɗani. Mawaƙan soyayya dai ba ruwansu, duk wadda ta kwanta musu a rai lu'ulu'u ce.