Diyyar Ma'aikaci a Kaduna: Daga Dokar 1941 Zuwa ta 2010

Gabatarwa

A Unguwar Rimi na tashi, kuma tun ina yaro na saba ganin magidanta suna fita da asuba a kan kekuna, su gangara su haye gadar kogin Kaduna zuwa masaƙun Kakuri. Ɗaya daga cikinsu maƙwabcinmu ne, abokin mahaifina. Wata rana aka dawo da shi hannunsa na dama a naɗe, injin sharar auduga ya ɗauke masa yatsu uku, har da babban. Bayan 'yan watanni sai ya kira ni, ya ce, "Ɗana, kai da ke makaranta, zo ka karanta mini takardar nan." Takardar diyya ce daga kamfanin da yake wa aiki. Na karanta masa, ya dangwala da babban yatsansa na hagu. Abin da na gani ya same shi daga baya shi ya sa na bi diddigin wannan doka, don malamai da iyayenmu su san inda aka fito da kuma inda aka kwana.

Diyya Kafin Zuwan Turawa

Kalmar diyya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Alƙalanmu na da, masu bin mazhabar Malikiyya, sun san cewa diyyar rai raƙuma 100 ce ko dinari 1,000, kuma kowane yatsa raƙuma 10 ne. A kisan kuskure ba a ɗora wa mutum ɗaya wannan nauyi, danginsa na wajen uba ne ke taruwa su biya cikin shekara uku. Wato tun asali an gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma wannan hukunci ya shafi raunin da mutum ya yi wa mutum ne. Da inji ya zo, sai aka sami sabuwar tambaya: idan ƙarfe ya cinye hannun lebura, ba wanda ya buge shi, wa zai biya?

Dokar 1941

A Turai aka fara fuskantar wannan tambaya. Jamus ta kafa inshorar haɗarin aiki a shekarar 1884, Ingila kuma ta yi tata dokar a 1897. A nan ƙasar an daɗe ba a yi ba. Hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, aka mayar da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, duk da guminsu leburori, amma sai a 1941 Turawan mulki suka yi dokar diyyar ma'aikata, ta fara aiki a 1942.

Babban abin da dokar ta kawo shi ne, ma'aikaci ba sai ya tabbatar da cewa maigidansa ya yi sakaci ba. Muddin rauni ya same shi a bakin aiki kuma saboda aikin, to, ya cancanci diyya. Likita ne ke duba shi ya ƙiyasta kashi nawa cikin ɗari na ƙarfinsa ya rasa, bisa wani jadawali da ya yanka wa kowace gaɓa nata kason, sannan a lissafa da albashinsa a biya shi a dunƙule.

Zamanin Masaƙu

Wannan doka ba ta shiga gidajen mutanen Kaduna sosai ba sai da masana'antu suka kafu. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, haɗin guiwar Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila. Daga nan sai Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya kafin 1966, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975, matatar mai kuma a 1980. Dubban mutane suka bar gona suka tsaya gaban inji. A 1978 aka kafa ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa mai hedkwata a Kaduna, wadda Adams Oshiomhole ya zama babban sakatarenta a 1982, kuma ta hanyar ƙungiya ne da yawa suka san cewa diyya haƙƙi ce, ba alfarma ba.

Maƙwabcinmu ya karɓi kuɗinsa, ya gyara ɗakinsa, ya biya bashin jinya, ya kafa ɗan tebur a bakin kasuwar unguwa. Kafin shekara biyu jarin ya ƙare. Na ji shi yana ce wa mahaifina, "Malam, kuɗin sun tafi, hannun kuwa bai dawo ba." Wannan magana ita ce ainihin raunin tsohuwar dokar. An biya shi sau ɗaya, nakasar kuma ta zauna da shi har ƙarshen rayuwarsa.

Dokar 1987

Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta sake dokar a 1987. Ta ce idan ma'aikaci ya rasu, a bai wa waɗanda yake ciyarwa albashin wata 42, idan kuma ya nakasa gaba ɗaya, a ba shi na wata 54. An sami ƙari, amma ginin bai canja ba. Har a lokacin biya a dunƙule ake yi, nauyin kuma yana wuyan mai kamfani ko kamfanin inshorarsa. Idan ya ƙi biya, sai kotu, talaka kuwa ba shi da kuɗin lauya. Bugu da ƙari, akwai cututtukan da ba sa bayyana sai bayan shekaru, kamar ciwon ƙirji na ƙurar auduga da kurumtar da ƙarar inji ke jawowa, lokacin da mutum ya riga ya bar aiki.

Da masaƙu suka fara durƙushewa, sai matsalar ta fito fili. An rufe KTL a 2002, UNTL kuma ta tsayar da aiki a 2007. Haƙƙin da aka rataya a wuyan kamfani ɗaya, in kamfanin ya faɗi, tare suke faɗuwa.

Dokar 2010

A watan Disamba na 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a sabuwar dokar da ta soke ta 1987. Ta ɗora wa duk mai ɗaukar ma'aikata, gwamnati ko ɗan kasuwa, ya zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a wata cikin asusu guda, ba tare da ya cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci ba. Hukumar NSITF, wadda aka kafa a 1993, ita ke riƙe da asusun. A ganina wannan ya yi kama da hikimar dangi a tsohuwar diyya: kowa ya kawo kaɗan, don kada wanda tsautsayi ya faɗa wa ya dogara da aljihun mutum ɗaya.

A ƙarƙashinta, wanda ya nakasa gaba ɗaya yana samun kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata. Matar da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu ko fiye ita ma kashi 90 ne. Dokar ta haɗa da haɗarin da ya auku a hanyar zuwa aiki ko komawa gida, da cututtukan sana'a, da kurumta. Ma'aikaci ko iyalinsa za su sanar da maigida cikin kwana 14, shi kuma ya sanar da hukuma cikin kwana 7, sannan a nemi diyya cikin shekara guda. Wanda bai gamsu ba yana iya kai ƙara kotun ma'aikata ta ƙasa.

Kammalawa

Abin da ya fi shafar Unguwar Rimi shi ne yadda dokar ta fassara ma'aikaci. Ta haɗa da na wucin gadi, da ɗan koyo, da mai aikin gida wanda ba ɗan gidan ba ne, ko da da baki aka yi yarjejeniya. Ke nan mai gadi da direba da kuku, waɗanda suka cika manyan gidajen unguwarmu, duk suna ciki. Sai dai da yawansu ba su taɓa jin labarin ba, iyayen gidan nasu ma ba kowa ne ya yi rajista ba.

Saboda haka nake roƙon 'yan uwana malamai su koya wa ɗalibai waɗannan wa'adin guda uku, kwana 14 da kwana 7 da shekara guda, domin yara ne ke karanta wa iyaye takarda, kamar yadda na karanta wa maƙwabcinmu. Dattawa kuma, duk wanda ke da mai aiki a gidansa ko shagonsa, ya bincika abin da doka ta ɗora masa tun kafin tsautsayi ya zo. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kiyaye masu neman halali.