Tarihin Binciken Furannin Okid a Ƙasar Hausa da Kewayenta

Okid dangi ne na tsirrai masu fure wanda jinsunansa suka haura 25,000, wasu a ƙasa suke tsira daga saiwa mai kama da albasa, wasu kuwa a kan rassan itatuwa suke zama ba tare da sun sha ruwan jikin itacen ba, saɓanin kauci. Galibinsu na kurmi ne, amma dazuzzukan kudancin Kano, musamman wajen Doguwa da Tudun Wada, inda damina ta fi tsawo, kuma Kogin Kano ya ratsa dajin Falgore da 'yan kuramensa, suna cikin irin ƙasar da na ƙasa ke ɓullowa da faɗuwar ruwan farko.

Asalin rubutaccen bayaninsu daga bakin teku ya faro. A tafiyar Kogin Kwara ta 1841, wadda cututtuka suka hallaka mutanenta da yawa, har da masanin tsirrai Theodor Vogel, wani mai aikin lambu, John Ansell, ya tsinko wani okid a tsibirin Fernando Po, wanda John Lindley ya raɗa wa suna Ansellia africana a 1844. Charles Barter ya bi sahu tare da Likita Baikie, ya tattara tsirran ƙasar Nufe, ya rasu a 1859.

Wanda ya cancanci a tsaya a kansa shi ne Likita John McEwen Dalziel, mutumin Sikotilan, wanda ya shigo aikin asibiti a 1905, domin kuwa shi, alhali magabatansa sun wadatu da busar da ganye su aika Ingila, sai ya riƙa tambayar masu magani da manoma sunan kowane tsiro da fa'idarsa, har ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. A ciki ya kawo manta uwa, okid ɗin kan itace wanda ake ba yaro lokacin yaye, ya jingina shi ga Ansellia congoensis; malaman baya kuma suka tabbatar cewa wannan da na Ansell abu guda ne, bambancin launi da ɗigon fure ne kurum ya ruɗi na farko har suka yi ta ƙirƙirar sunaye. Wannan ƙaulin shi ne mafi rinjaye, kuma shi muka ɗauka. A zamanin Dalziel ne H. V. Lely, jami'in gandun daji, ya tattara na tsaunukan Jos, aka kuma sa wa wani jinsi Habenaria lelyi don tunawa da shi.

Hukuncin raɗa suna kuwa, a wancan zamani, a lambun Kew na Landan ake yanke shi, inda ake jiƙa busasshen fure, a feɗe shi, a gwada leɓensa da ƙullin garinsa da samfuran da aka adana, kana a rubuta siffarsa da Latin. Lokacin da Dalziel da John Hutchinson suka fitar da babban kundin tsirran Afirka ta Yamma tsakanin 1927 da 1936, V. S. Summerhayes ne ya rubuta babin okid, ya kuma mayar da jinsunan Lissochilus cikin Eulophia, abin da ya sa mai karatun tsoffin littattafai kan iske tsiro ɗaya da suna biyu, ya zaci biyu ne.

An sake bitar babin a 1968, wani marubuci kuma, Segerback, ya wallafa littafinsa kan okid ɗin Nijeriya a 1983, sai dai hankalin masu bincike ya fi karkata ga kurmin Kuros Riba da iyakar Kamaru. Falgore, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa da sunan gandun Kogin Kano, an fi ambatonsa saboda namun daji.