Idan Hedikwata Ta Tashi: Me Ya Rage a Hannun Ciyaman?

A watan Yulin 2004 Gwamnan Babban Bankin Nijeriya, Charles Soludo, ya ba bankunan ƙasar nan wa'adi: kowanne ya tara jarin naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, ko ya haɗe da wani, ko ya rufe. Da wa'adin ya cika, bankuna 89 suka koma 25. Cikin waɗanda sunansu ya ɓace har da Bank of the North, wato Bankin Arewa, wanda aka kafa a jajibirin samun mulkin kai, babban ofishinsa kuma yana Kano. Ya narke cikin Unity Bank tare da wasu bankuna takwas, aka kai hedikwata Abuja, daga bisani Legas. Rassa sun ci gaba da aiki a Kano, masu ajiya ba su rasa inda za su ciri kuɗinsu ba. Abin da ya tashi shi ne ɗakin da ake yanke shawara: wa za a ba babban rance, ɗan wa za a ɗauka aiki, wane ɗan kwangila zai buga takardu ko ya gyara motoci.

Mai karatu zai ce ina ruwan Gafasa da wannan. Gafasa mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Ajingi, a ƙasar Gaya, gabashin Kano, kuma ba ta taɓa zama mazaunin wani banki ko masana'anta ba. Hujjar wannan maƙala ta tsaya ne a kan wannan tambayar. Ra'ayina shi ne, idan babban mai ɗaukar ma'aikata ya kwashe hedikwatarsa, garin da ginin yake shi ne ake jin kukansa, amma asarar tana gangarawa har ƙauyukan da suke ba shi hannun aiki da kayan gona. Saboda haka shugaban ƙaramar hukumar karkara, wato ciyaman, yana da haƙƙi a maganar kamar takwaransa na birni, kuma aikinsa ya wuce kai gaisuwar roƙo ko fitar da sanarwar nuna takaici.

A duba yadda kuɗi yake shiga gari irin Gafasa. Damina ta ba da gero, dawa, wake da gyaɗa. Da an gama kaka, samari su tafi cin rani: wasu dako da gini a Kano, wasu gadi, wasu leburanci a masana'antun Sharaɗa, Bompai da Challawa, wasu har Legas da Fatakwal. Abin da suke aikowa shi ke sayen taki, shi ke biyan kuɗin magani, shi ke aurar da ƙanne. Lokacin da masaƙar Kaduna Textiles ta tsaya a 2002, United Nigerian Textiles ta bi bayanta a 2007, masaƙun Kano kuma suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, sunan unguwannin masana'antu na Kakuri da Sharaɗa jaridu suka ɗauka. Mutumin da aka sallama kuwa, in birni ya gagare shi, ƙauyensu yake komawa, ya tarar da gonar gado da tuni ta yi wa 'yan'uwa kaɗan. Yankin nan ya ɗanɗana irin wannan tun kafin masaƙu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa daga 1912, har aka riƙa jera dalar gyaɗa. Sai fari na farkon shekarun 1970 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya noman, gwamnati kuma ta rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986. Babban mai saye ya ɓace, manomin Gaya da Ajingi bai samu wanda ya tsaya masa a teburin da aka yanke hukuncin ba.

Dole a faɗi iyakar ƙarfin ciyaman tun da wuri, don kada a ɗora masa abin da doka ba ta ba shi ba. Harajin ribar kamfani na gwamnatin tarayya ne. Harajin da ake yanka daga albashin ma'aikata na jiha ne. Abin da Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya bar wa ƙaramar hukuma shi ne kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, harajin gine-gine, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da sa hannu a ilimin firamare, kiwon lafiya da aikin gona. Ba shi da rangwamen harajin da zai jawo kamfani ya fasa tafiya. Ni kuwa ban ga abin baƙin ciki sosai a nan ba. A 2001 kamfanin jiragen sama na Boeing ya bar Seattle ya koma Chicago a Amurka, bayan birnin da jiharsa sun yi masa alkawarin sassaucin kimanin dala miliyan 60 cikin shekara 20. A 2022 ya sanar da komawa Arlington, kusa da Washington. Hedikwatar da aka sayo da kuɗin jama'a takan zauna ne iya tsawon kuɗin.

Abin da ya fi dacewa da mu shi ne darasin Bonn. Ranar 20 ga Yunin 1991 majalisar Jamus ta kaɗa ƙuri'a 338 da 320 a mayar da mazauninta daga Bonn zuwa Berlin. Shugabannin Bonn sun yi adawa, suka sha kaye, sannan suka juya ga ciniki. Dokar 1994 ta bar wa birnin babban mazaunin ma'aikatu shida, aka ware masa kuɗin diyya, aka kawo ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya, manyan kamfanonin gidan waya da na sadarwa kuma suka zauna a can. A ajiye wannan kusa da Zungeru, wadda Turawa suka bari suka koma Kaduna a 1917, ko Damagaram da Faransawa suka ɗauke wa hedikwata suka kai Yamai a 1926. Mulkin mallaka ne, babu wanda ya tambayi mutanen gari, babu kuma wanda ya tsaya ya ce me za a bar mana. Mutanen Bonn sun shiga ɗakin ciniki da lissafi a hannu: ma'aikata nawa za su tafi, gidaje nawa za su zama kango, 'yan kasuwa nawa za su rasa ciniki.

A nan ne nake ganin babban giɓinmu. A Janairun 2024, da aka sanar da mayar da hedikwatar hukumar filayen jiragen sama daga Abuja zuwa Legas, tare da wasu sassan Babban Banki, ƙungiyoyin Arewa da 'yan majalisa sun yi ta fitar da sanarwa. Damuwarsu tana da tushe, amma muhawarar ta tsaya a kan martabar yanki, ba ta sauko kan adadin mutane da abincinsu ba. Ciyaman shi ne jami'in da ya fi kowa damar samar da wannan adadi, kuma a farashi mai rahusa. Yana da kansila a kowace mazaɓa, daga Gafasa zuwa Toranke da Balare. Yana da hakimi, dagatai da masu unguwanni da suka san gida-gida wanda ya tafi cin rani da inda ya nufa. Littafi ɗaya da za a riƙa sabuntawa duk bayan kaka, mai nuna 'yan yankin nawa ne suke aiki a wace masana'anta, wane kamfani ne yake sayen riɗi ko gyaɗar yankin ta hannun 'yan kamasho, ya isa ya mayar da ciyaman mai magana da hujja. Ranar da aka ji wani kamfani zai tashi, zai iya zuwa gaban kwamishina ko ƙungiyar ƙwadago ya ce ga sunayen mutanena, ga shekarun da suka yi, ina kuɗin sallamarsu. Ma'aikatan masaƙun Kaduna sun shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, da yawa sun rasu ba su karɓa ba. Wanda ya koma ƙauye shi ya fi saurin faɗuwa daga jerin masu bin bashi, don ba ya nan ranar da ake tantancewa.

Abu na biyu da ke hannunsa ƙasa ce. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a yankunan da ba birni ba, har hekta 500 don noma, 5,000 don kiwo. Wannan ba ƙaramin iko ba ne. Duk mai zuba jari da ya zo neman fili yana zuwa da alkawarin ɗaukar matasa aiki, amma da wuya a ji an tambaye shi me zai faru da filin in ya tafi. Kamata ya yi sharaɗin tafiya ya shiga takarda tun ranar zuwa: in aiki ya tsaya na tsawon lokaci kaza, fili ya dawo wa jama'a, rijiyar burtsatse da taransifoma su zauna, a ba ma'aikata sanarwa kafin a rufe ƙofa. Amurka ta sa wa manyan kamfanoni dokar sanarwar kwana 60 tun 1988. Kamfanin tumatir na Dangote a Kadawa, wanda aka buɗe a 2016, ya sha tsayawa da tashi, manoman da suka shuka da sa ran sayar masa suka riƙa komawa kasuwa. Kamfani na iya kasancewa da uzurinsa na gaskiya. Duk da haka manomi yana buƙatar wanda zai rubuta masa kariya kafin ya zuba iri.

Tashin hedikwata kuma yana da wata fuska da yankin nan ya gani da idonsa. Ranar 27 ga Agustan 1991 aka ƙirƙiro jihar Jigawa, ma'aikata suka kwashe daga Kano suka koma Dutse. Kano ta yi rashi, amma ga Gaya da Ajingi sabon babban birni ne ya sauka a maƙwabtansu, mai buƙatar magina, hatsi da dabbobi. Ciyaman da ya gyara hanyar da ke fitar da kaya daga ƙauye, ya gina rumfuna, ya daina barin masu karɓar haraji suna korar baƙin 'yan kasuwa, ya yi wa mutanensa hanyar cin wannan moriya. Haka Gaya ta ga yadda zirga-zirga take bin ofis: a 2019 ta zama mazaunin masarauta mai daraja ta ɗaya, a 2024 aka rushe tsarin, aka dawo da ita da daraja ta biyu a kan Gaya, Ajingi da Albasu.

Za a ce duk wannan magana ce a takarda, tunda ciyaman ba ya riƙe da kuɗinsa. Gaskiya ne cewa asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya tanada, ya daɗe yana mayar da shugabannin ƙananan hukumomi masu jiran abin da aka sam musu. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye, aiwatarwa kuma tana tafiyar hawainiya. Na yarda da wannan uzuri a kan titi da asibiti. Ban yarda da shi a kan ƙidayar 'yan cin rani ko sharaɗin ba da fili ba, don waɗannan biro da takarda da niyya suke buƙata.

Akwai kuma hedikwatar da tashinta yake hannun ciyaman shi kaɗai. A ƙaramar hukumar karkara, babban mai biyan albashi ita ce hukumar kanta: malaman firamare, ma'aikatan lafiya, ma'aikatan sakatariya. Ƙorafin da aka daɗe ana yi a sassa da dama na Arewa shi ne shugabanni da manyan ma'aikata suna zaune a babban birnin jiha, ba a ganinsu sai lokacin rabon kason wata. Inda haka ta faru, albashin da aka biya da sunan ƙauye a birni ake kashe shi: can ake biyan haya, can ake cefane, can 'ya'ya suke makaranta, can ake ganawa da 'yan kwangila. Mai shayi da mai abinci a bakin sakatariya su ne farkon masu ji a jikinsu, sannan dagacin da ya zo da matsalar rikicin gona ya tarar da ofis a kulle. Majalisar kansiloli tana da ikon kafa ƙa'idar cewa zaman majalisa da sa hannu kan kwangila a sakatariya za a yi su, a kuma gyara gidajen ma'aikata yadda shugabannin sassa za su iya kwana a gari. Wannan ba ya jiran amincewar Abuja ko ta wani kamfani.